Yadda nake cajin baturan jirgina da batirin mota idan na fita fili

Ranar Lahadi da hantsi nakan loda ɗan jirgin sama na rimot da na haɗa da soso da hannuna a but, in fita bayan gari inda babu turakun wuta. Batir ɗaya bai fi ya ba ni minti goma a sama ba, kuma guda huɗu gare ni. Kafin azahar sun ƙare, ga iska ta kwanta, ga gida da nisa, kuma ko na koma ba lalle in tarar da wuta ba. Abin da ya sa na koma ga batirin motata ke nan.

Cajar da nake amfani da ita iMAX B6 ce ta kamfanin SkyRC, wadda kusan duk mai wasa da jirage ko ƙananan motocin rimot ya santa. Juya ta ka karanta abin da aka rubuta a wajen shigar wuta: DC 11 zuwa 18V. Batirin mota in ya cika yana hutawa a kan bolt 12.6, in injin na aiki altaneta ya kai shi wajen 14.4. Duka biyun suna cikin abin da take ci. Ita ce ke ɗaga wutar ko ta rage ta daidai da batirin da ka ba ta, shi ya sa take iya cika batir mai sel shida (ƙananan baturan da aka jera a cikinsa) da ke buƙatar bolt 25.2 daga bolt 12 kacal. Amma kada ka kuskura ka kai ta kan tirela ko babbar mota mai bolt 24. Tana iya ƙonewa.

Kayan haɗin ba su da yawa. Waya ja da baƙa masu kauri, kamar 2.5mm, kada su wuce mita biyu; maƙalai biyu masu bakin kada; fis na amfiya 10 a kan jar wayar, kusa da maƙalin; sai mita ta gwada wuta. Siririyar wayar sifika ba ta wannan aikin. Na gwada, sai ta yi ɗumi, wutar ta zube a hanya, cajar ta riƙa ƙara tana rubuta INPUT VOL ERR, wato wutar shigowa ba daidai ba, alhali batirin motar lafiya lau yake. In ba ka iya walda da dalma ba, kai wa riwaya ya haɗa maka, aikin minti goma ne. Fis ɗin nan ba don cajar aka sa shi ba, don wayar ne. Batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya in ja ta taɓa baƙa, kuma kafin ka ce kwabo roba ta narke a hannunka.

Ka kashe mota ka zare makulli, ka buɗe bonet. Dubi kan batirin da idonka, ka nemi alamar + da alamar −, kada ka dogara da launin wayar da ka tarar a jiki, domin na sha ganin motar da wani makanike ya sa baƙar waya a kan +. Soka wayar a jikin cajar tukuna. Sai ka maƙala ja a kan +, baƙa kuma daga ƙarshe, a kan − ko a wani ƙarfe marar fenti na jikin injin. Ni na fi son jikin injin, saboda ɗan tartsatsin da ke fita ya yi nesa da batirin, wanda kan fitar da iska mai kamawa da wuta. In kan batirin ya yi farin gari, ka goge shi, in ba haka ba maƙalin ba zai kama da kyau ba.

Cajar ta kunnu, sai ka kawo batirin jirgin. Nawa LiPo ne, wani irin batirin lithium, mai sel uku, 2200mAh. A kan cajar na zaɓi LiPo BALANCE, cajin da ke daidaita sel-sel ɗin, na sa 3S, wato sel uku, na sa amfiya 2.2. Ƙa'idar da nake bi: raba lambar mAh da dubu, abin da ya fito shi ne amfiyar caji. Ka soka babbar wayar batirin, ka soka ƙaramin farin kan nan mai wayoyi huɗu a gefen cajar, da shi take lura da kowane sel kada ya wuce bolt 4.2. Kafin ta fara za ta nuna maka adadin sel da ta gani da wanda ka sa. In ba su zo ɗaya ba, tsaya ka duba.

Wurin ajiye batirin jirgin yayin caji shi ne abin da ban yarda a yi wasa da shi ba. Ba a kan kujerar mota ba, ba a kan injin da ya ɗau zafi ba, ba kusa da busasshiyar ciyawa ba. A ƙasa, kan yashi, a inuwar motar. Ni wata tsohuwar tukunyar ƙasa nake zuwa da ita in jefa shi ciki. Wanda ya sauko daga sama da zafinsa ka bar shi ya huce, wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki. Kuma kana wurin har ya cika.

To, ga inda mutane ke faɗawa rami, har da ni. Cajar tana kula da batirin jirginka ƙwarai, amma ba ruwanta da ko motarka za ta tashi. Akwai wurin saita iyakar da za ta tsaya in wutar shigowa ta yi ƙasa, sai dai a irin tawa bolt 10 zuwa 11 ne kawai. Batirin motar da ya sauka nan ya riga ya kwanta.

Sai dai ka yi lissafi da kanka. Batirina mai bolt 11.1 da amfiya-awa 2.2 yana ɗauke da wat-awa 24 da ɗoriya. Cajar tana ɓarar da wani abu ta hanyar zafi, ka ce 30. Raba 30 da 12, ya ba ka amfiya-awa biyu da rabi daga batirin mota a kowane caji. Batirin motata 60Ah aka rubuta, wato amfiya-awa 60. Kada ka ce ashe caji ashirin da huɗu ke nan. Batirin tada mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na ɗan daƙiƙu altaneta ya mayar masa, ba a yi shi don a tatse shi ba, kuma duk tatsewa tana rage masa kwana. Ni kashi ɗaya cikin biyar nake ɗiba, caji huɗu ko biyar. In batirin ya shekara biyu yana shan zafin ƙasar nan, 60 ɗin nan a takarda kawai ta rage.

Da wannan na koyi hankali. Wata Lahadi abokai biyu suka zo da nasu batura, kunya ta hana ni cewa a'a, muka yi ta caji har bayan la'asar. Da na murɗa makulli sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, fitilun dashbod suka dushe. Motar kuma otomatik ce, turi ba ya tada ta. A nan muka yi magariba, sai da wani mai a-kori-kura da ke dawowa daga ƙauye ya tsaya ya ba mu wuta da wayarsa.

Tun daga ranar, bayan kowane caji nakan bari batirin motar ya ɗan huta in ɗora masa mita. Ya nuna 12.4, ina iya ƙara ɗaya. Ya kusa 12.2, wajen rabi ke nan, na rufe shago.

Wasu kan bar injin yana aiki suna caji. Cajar za ta ɗauka, amma ga fanka da bel suna juyawa kusa da wayoyinka, ga mai yana ƙonewa a banza. Abin da ban taɓa yi ba shi ne tada mota cajar na maƙale. Lokacin da kik ya ja, wutar takan faɗi zuwa wajen bolt 10 sannan ta yi tsalle, cajar ta katse aiki ko ta lalace. Tsayar da caji, cire batirin jirgin, cire baƙa, cire ja, sannan ka tada. Soket ɗin kunna taba kuwa zai iya ɗaukar wannan cajar mai wat 50, tunda amfiya biyar take ja, amma kansa yakan yi sako-sako, kuma a motoci da yawa sai an murɗa makulli yake kawo wuta.

Yanzu na sayi wani batir daban, irin na sola da ke jure tatsewa, ina cika shi a gida in ajiye a but. Na mota ya koma na ko-ta-kwana. In zan tashi daga fili kuma, baturan da ba zan taɓa ba sai wata Lahadi ba na cika su, STORAGE, wato cajin ajiya, nake sa musu su tsaya a wajen bolt 3.8 kowane sel.