Lissafi da murafen lemo

Assalamu alaikum iyaye da malamai. In yaro yana shan wahala da lissafin haɗawa, a ajiye alli tukuna. A tara murafen lemo ko ƙwallayen dabino, a haƙa ramuka biyu a ƙasa kamar na dara: na dama na ɗaiɗai, na hagu na gomomi. Da zarar na dama ya kai 10, yaron ya kwashe su da hannunsa, ya jefa guda ɗaya a na hagu. Nan yake gane "riƙe ɗaya" ɗin da muke ta yi masa tsawa a kai. Ni da 'yata, 'yar aji 2, da 27 da 15 muka fara bayan la'asar. Amma a kula da ƙanne masu rarrafe, komai baki suke kaiwa.