Yadda ake sauya aksil da birkin baya na motar da aka ƙara wa ƙarfi

Duk wanda ya ƙara wa injin motarsa ƙarfi, wajibi ne ya duba aksil ɗin baya, domin yana iya karyewa. Kafin ka nufi Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota a Kumasi, neman wani, ka auna faɗin tsohon daga mazaunin taya zuwa mazaunin taya, ka kuma ƙirga ramukan notin taya, don kada ka sayo abin da zai riƙa gogar jikin mota. Masu harkar sun fi yarda da aksil ɗin Ford mai giyar inci 9. Giyar aksil ta 4.10, wato wadda sandar da ke juya ta take zagayawa sau 4.10 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, tana sa mota zabura, amma tana shan mai a hanyar Accra. Ni dai na fi son 3.73.

Birki ya fi buƙatar natsuwa. Idan ka cire na diram ka sa na faifai, sai ka haɗa da bawul mai daidaita ƙarfin birki, domin idan tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, motar za ta wulwula. Ka zuba man birki DOT 4, kada ka gauraya shi da DOT 5, sannan makanike ya fitar da iskar da ke cikin bututun birki, ya fara da birkin tayar da ta fi nisa da tukunyar man.

Sabuwar giyar aksil kuma a sauya mata mai bayan kilomita 800.