Yadda nake haɗa hoton Enceladus mai launi daga hotunan Cassini

Hoton farko da na haɗa na Enceladus, ɗaya daga cikin watannin duniyar Saturn, ya fito da jan layi a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen. Kwana biyu ina zargin kwamfuta, ashe ni ne ban fahimci kyamarar ba. Kyamarar kumbon Cassini ba ta ganin launi ko kaɗan. Baƙi da fari take ɗauka, ɗigo 1024 a tsaye, 1024 a kwance, amma a cikinta akwai faifai biyu masu juyawa ɗauke da gilasan tace haske. Sai ta ɗauka ta jan gilashi, ta juya ta ɗauka ta kore, sannan ta shuɗi. Kafin ta gama kumbon ya yi gaba, watan ma ya gusa. Aikinka shi ne ka mayar da hotunan nan uku su hau kan juna daidai.

Fara da samo hotunan. Hukumar NASA na ajiye su kyauta a rumbunta mai suna Planetary Data System, kuma hanya mafi sauƙi ita ce manhajar bincike ta OPUS. Zaɓi kyamarar Cassini ISS, ka sa Enceladus. Kumbon ya yi aiki a Saturn daga 2004 zuwa Satumban 2017, don haka hotuna sun fi ƙarfin idonka. Ga ɗan koyo, nemi waɗanda watan ya fito gaba ɗayansa a tsakiya, daga nesa. Na kusa sun fi burgewa, amma a can kusurwar kallo na sauyawa cikin daƙiƙu, kuma sai da manhaja irin ISIS ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ake iya gyara su. Bar wannan sai hannunka ya faɗa.

Kowane hoto yana tafe da bayaninsa: lokacin ɗauka, nisa, da sunan gilashi. Nemi RED (ja), GRN (kore) da BL1 (shuɗi) waɗanda 'yan mintuna kawai suka raba su. Kada ka ɗauki ƙananan JPEG ɗin nan na samfoti, domin an ja hasken kowanne daban, launin da za su ba ka na ƙarya ne. Sauke waɗanda aka riga aka daidaita, masu CALIB a sunansu, ka juya su zuwa PNG mai bit 16 da ƙaramar manhajar IMG2PNG. Ma'aunin haske ɗaya za ka yi wa duka ukun. Idan ka ƙara wa ja haske shi kaɗai, ka ɓata miya tun ba a ɗora tukunya ba.

Buɗe su a manhajar gyara hoto ta GIMP, kowanne a shimfiɗarsa (layer), ɗaya bisa ɗaya. Kafin komai yi shara. Za ka ga fararen ɗigo da gajerun zane nan da can: ƙwayoyin makamashi ne na sararin samaniya da suka bugi kyamarar. Gane su ba wuya. Kunna shimfiɗa ka kashe, abin da ya bayyana a hoto ɗaya tak ba na watan ba ne, goge shi. Abin da ke cikin duka ukun kuwa, kada ka taɓa shi ko da bai yi maka kyau ba.

Yanzu daidaitawa, wadda ita ke cin lokaci. Ɗauki kore a matsayin tushe, ka sa jan a yanayin Difference. Inda suka dace allo zai yi duhu, inda suka saɓa za ka ga farin baki. Matsa shi da maɓallan kibiya, ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Ni kuskurena shi ne ina daidaita gefen watan. Gefe zai iya dacewa alhali ramukan ciki sun kauce, saboda watan ya ɗan juya. Nemi ƙaramin rami mai kaifin baki kusa da tsakiya, ka zuƙo shi har ɗigogin su zama murabba'ai, ka daidaita a kansa. Idan tsakiya ta zauna amma gefe ya ƙi, girman ne ya bambanta tunda nisa ya sauya, sai ka ƙara ko ka rage kaɗan. Yi wa shuɗi haka, sannan ka shiga Colors, Components, Compose, ka ba kowane launi hotonsa.

Abin da zai fito zai iya sanyaya maka gwiwa: farin dunƙule kusan babu launi. Haka Enceladus yake. Ƙanƙara ce mai faɗin kilomita 500 ko kusa da haka, tana mayar da kusan duk hasken da ya sauka a kanta. Ina son wannan farin, kuma ba na jin daɗi in ga an cika masa launi ana cewa haka ido zai gani. Idan kana son tsagogi huɗu da ke kudancinsa su fito da shuɗi-shuɗi, yi amfani da gilasan IR3 (hasken infrared), GRN da UV3 (hasken ultraviolet) a madadin ja, kore da shuɗi. Bambancin na gaske ne, ƙwayoyin ƙanƙarar wurin sun fi girma, amma idon mutum ba ya ganin biyu daga cikin hasken nan uku, don haka faɗa wa mai kallo. Haka ma idan babu kore ka haɗa rabin ja da rabin shuɗi ka cike gurbin, shi ma faɗa masa.

Feshin tururi da ƙanƙara da ke tashi daga kudancin watan, wanda aka gano a 2005, ba ya fitowa a hoto sai rana tana bayan watan. Nemi hoton da Enceladus ya zama siririn jinjiri, ka ɗaga hasken duhun da ke ƙasansa a hankali da Curves har zaruruwan su bayyana. Da zarar baƙin sama ya fara yin tsaki-tsaki, ka wuce gona da iri, koma baya.

A ƙarƙashin hoton rubuta lambobin hotunan asali, ranar ɗauka, gilasan da ka haɗa da duk abin da ka goge ko ka cike, sai NASA/JPL-Caltech/Space Science Institute, sannan sunanka.