Kurakuran da ke kashe ƙaramin injin huɗar lambu

Na gaji da jin "injin nan ba shi da ƙwari". Duk wanda ya zo mini da wannan ƙorafin, kafin in ɗauki sifana tambaya ɗaya nake yi masa: yaushe ka zuba fetur ɗin da ke cikin tankin? Sai ka ga mutum yana sosa ƙeya yana lissafin watanni.

Fetur ba ya jure ajiya. Cikin kamar wata guda ya fara lalacewa: ɓangaren da ke saurin kama wuta ya bi iska, sauran ya yi kauri, ya bar wani danƙo kamar ƙaro. Wanda aka gauraya da etanol, wato wani nau'in barasa, ya fi muni, don yana jawo laima daga iska. Ƙofofin da mai ke bi a cikin kabireta kuwa ƙanana ne kamar bakin allura, abu kaɗan ke toshe su. Alamar ba ta ɓuya: inji ya tashi da cok (abin da ke rage iskar da ke shiga kabireta) a rufe, kana buɗe cok ɗin ya mutu, ko ya riƙa hawa yana sauka kamar mai haki.

Ni ma na sha wannan. Na ajiye nawa wata huɗu da rabin tanki. Ranar da na fito da shi na yi ta jan igiya har kafaɗata ta riƙe, igiyar ta tsinke. Na sa sabuwa, na canza fulogi, shiru. Da na kwance kabireta na ga ƙofar man ta toshe, sai wayo ya ɗebe ni na samo wayar ƙarfe na yi ta zura mata. Ƙofar tagulla ce, mai laushi. Na buɗa ta fiye da kima, inji ya tashi yana tuƙa baƙin hayaƙi yana shan mai kamar an huda tankin. Ƙarshenta sabuwar kabireta na saya. Tun daga nan, in zan ajiye shi fiye da mako uku, nakan rufe famfon mai in bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, in kwance ɗan notin da ke ƙasan kabireta sauran ya tsiyaye, in juye na tankin. Wasu sun fi son cika tanki su zuba maganin hana fetur lalacewa. Ban ce ba ya aiki ba, ni dai tanki busasshe ya fi kwantar mini da hankali. Toshiya kuma da maganin fesawa na wanke kabireta da iska ake fitar da ita, ba da waya ba.

Sai baƙin mai. Ka fara sanin irin injinka. Mai bugu biyu ana gauraya masa mai na musamman a cikin fetur: in an rubuta 50:1, mililita 20 ke nan a lita 1, in 40:1 ne, mililita 25. Auna, kada ka kintata da ido. Ka ba shi zallan fetur, cikin ɗan lokaci fistin ya kama. Mai bugu huɗu kuwa yana da wurin mansa daban, kuma yawanci sabo ba ya zuwa da mai a ciki. Ka duba ma'aunin a wuri mai daidai kafin kowane aiki. Juyen mai na farko wasu kamfanoni sun ce bayan awa 5 na aiki, wasu awa 20. Ni a awa 5 nake yi, don in ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfen da ke fitowa ba za ka so ya ƙara kwana a ciki ba. In za ka karkata shi, bari fulogi ya kalli sama, in ba haka ba mai ya gangara cikin matatar iska.

Yanzu ga wanda ya fi ɓata mini rai. A injuna da yawa akwai ɗan fil da ke riƙe haƙoran huɗa a jikin sandar da ke juya su. Da gangan aka yi shi ya karye in haƙori ya daki dutse ko saiwa, don bugun kada ya kai ga giya. To me mutane ke yi in ya karye? Su ce ƙarfen banza ne, su nemo noti mai tauri su ɗaure. Haba! Ka cire abin da aka sa ya mutu a madadin giya, sannan ka zo kana mamakin giyar ta tafi? Na yi shi sau ɗaya, ina sauri rana na faɗuwa, saura kunya biyu in gama. Haƙori ya kama wata saiwa, na ji ƙaras a ƙasa, inji na kuka haƙora a tsaye. Da na buɗe akwatin giyar, gutsattsarin tagulla ne ke iyo a cikin giris. Makonni na yi ina jiran kayan gyara. Yanzu fil uku nake ɗaurewa a hannun injin cikin 'yar jaka. Wanda bai da na canji ya tashi aiki kawai, gobe ma rana ce.

Matatar iska: aikin ƙura ne, duba ta kullum. Ta soso a wanke da sabulu, ta bushe sarai, a ɗan shafa mata mai a matse; ta takarda ba a wanke ta, canzawa ake yi. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan injuna milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Kada ka bar cok a rufe bayan inji ya ɗumama. Kada ka ƙara fetur yana da zafi, kada kuma ka tayar da shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa. Ƙasa mai caɓi kuwa ƙyale ta ta sha iska. In ka dunƙula ta a hannu ba ta wargaje ba, lokaci bai yi ba. Ƙasa mai tauri kuma a bi ta sama-sama sau biyu ko uku, ba a danna inji a nutsa shi tashi ɗaya.

Ciyawa da igiyoyin da ke nannaɗewa a gindin haƙora su ke cinye robar da ke tsare giris, don haka nakan yanke su da wuƙa duk bayan aiki. Amma kafin hannunka ya je wurin, kashe injin, ka zare hular fulogi ka ajiye ta nesa da kansa. Ni har maƙale ta nake yi a bayan wayar totur, inda ba za ta koma ta taɓa shi ba.