Darasi na Bakwai: Sharar da Ba a Kai Wa Juji

Babu gidan da ba shi da juji a ƙauye. Can ake zuba toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da duk abin da tsintsiya ta kwaso daga tsakar gida. Idan bazara ta kama, sai a ɗora wa jaki mangala ko a kawo amalanke, a kwashe jujin a kai gona. Manoman da ke kewaye da birnin Kano har sayen takin bola suke yi, tifa-tifa. Haka iyayenmu suka yi, kuma sun yi daidai, domin a zamaninsu duk abin da ya shiga juji ruɓewa yake yi ya koma ƙasa.

Yau kayan gida sun canza. Akwai batirin tocila da na rediyo, akwai matacciyar waya, da fitilar sola da ta daina caji, da kwalbar maganin feshi. Waɗannan ba sa zama taki. Wanda ya zuba su a juji, gonarsa ya aika su, gonar da zai ci geronta. Kafin su isa gonar ma, kaji sun yi tono a kansu, yara sun tsince su sun yi wasa.

Mu karanta tare

Wata ɗaliba ta taso daga ajin yaƙi da jahilci, ta tarar da surukarta a bakin randa tana wanke wata farar kwalba.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa, sannu 'yar nan. Har an tashi?"

"An tashi, Inna. Wannan kwalbar ta mene ce?"

"Ta maganin ciyawa ce da mijinki ya gama da ita. Kin ga murfinta da kyau, man gyaɗa zan zuba."

"Inna, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Malama ta ce ko da sabulu aka wanke ta, roba ta riga ta sha maganin. Idan mai ya kwana a ciki, zai jawo shi."

"Ikon Allah! To ai na wanke ta har sau biyu, ba ta ko wari."

"Ba duk guba ke wari ba, Inna. Bari in kawo miki kwalbar lemo, wannan a bar wa mai gida ya huda ta."

Inna ta yi shiru, ta dubi jikanta da ke rarrafe kusa da ruwan wankin. Ta ce, "Ɗauke yaron nan tukuna."

Batir da dalma

Mu fara da babban batir, na mota da na babur da na sola, domin shi ya fi haɗari, kuma shi ya fi kuɗi. Nauyin da kake ji idan ka ɗaga shi, fiye da rabinsa dalma ce. Ruwan da ke ciki kuwa kowa ya san yana cin tufa, yana ƙona fata, yana makantar da ido.

Dalma ba ta ƙona kowa nan take, shi ya sa ake raina ta. Ƙurarta ce ke shiga ciki ta hannu da baki, ta taru a jini. Yaro ƙarami ya fi kowa shan wahalarta, tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya kasa riƙe karatu, idan ta yi yawa ta sa shi jijjiga har a rasa shi. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a wasu ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Can ba batir ba ne, dutsen zinariya ne mai dalma ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Sai da aka bi gida-gida aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa. Dalmar da ke cikin wancan dutse, ita ce dai a cikin batirin da ke jingine a zaurenka.

Saboda haka kada a fasa batir a gida. Kada a narka dalmarsa a murhun girki don a like bokiti ko a yi nauyin koma. Kada a tsiyaye ruwansa a ƙasa wai don ya yi sauƙin ɗauka. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, inda yaro ba ya kaiwa. Ranar da za ka sayi sabo, tafi da tsohon, yawancin masu sayar da batir suna karɓa su rage maka kuɗi. In ba haka ba, masu sayen kayan gwangwan suna saye a kan sikeli. Idan ruwan batir ya zubo wa mutum, a yi ta kwarara masa ruwa mai yawa kamar na minti 20, sa'an nan a tafi asibiti.

Ƙananan batura na tocila ba su da mai saye, shi ya sa suka cika juji. Nemi tsohuwar jarka mai murfi, ka riƙa jefa su ciki. Kada a bar yara su fasa su don baƙin garin da ke ciki. Akwai kuma ɗan mitsitsin batir mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2. Wannan ba a jira gari ya waye.

Waya, rediyo da wayoyin wuta

Kafin ka ce abu ya mutu, kai wa mai gyara. Sau da yawa fitilar sola batirinta ne kawai ya gaji, a canza shi ta ci gaba da aiki. Wayar da ta ƙi gyaruwa ma, mai gyara yana saye don ya ciri kayan da ke da sauran amfani. A kasuwannin mako irin ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis ba a rasa masu gyara, a birni kuma ga kasuwar waya ta Farm Centre. Abu ɗaya kada ka manta: cire layinka da memori kafin wayar ta bar hannunka. Layin nan yana haɗe da lambarka ta NIN, wataƙila da asusun bankinka.

Batirin waya idan ya kumbura, a cire shi. Kada a huda shi, kada a danne shi, kada a jefa shi wuta, domin yana iya kamawa ko ya fashe. A sa shi cikin gwangwani mai yashi, nesa da danga da rumbu.

Ina so in yi magana a kan 'yan jari-bola. Mutane suna raina su, alhali su ne kaɗai ke zuwa har ƙofar gida su kwashe mana abin da ba mu san yadda za mu yi da shi ba. Sana'a ce, kuma tana da amfani. Inda take da illa shi ne ƙona wayoyin wuta don a fitar da jan ƙarfe. Baƙin hayaƙin nan na roba guba ne ga mai ƙonawa da duk wanda iska ta kai wa, tokar kuma tana zama a ƙasa. Idan ɗanka ne ke wannan sana'a, ka ce masa ya feɗe robar da wuƙa. Ya fi cin lokaci, amma jan ƙarfen da ba a ƙona ba ya fi tsabta. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya kuma a sayar da ita yadda take, kada a fasa gilashin, shi ma da dalma a jikinsa.

Kwalaben feshi

A nan ne manomi ya fi yin sakaci. Da zarar magani ya ƙare, tun kana gona, zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kwalbar, ka rufe, ka girgiza sosai, ka juye ruwan cikin famfon feshi. Yi haka sau 3. Ka ga maganin da ka saya da kuɗinka bai tafi a banza ba. Daga nan ka huda gindin kwalbar da ƙusa ko wuƙa, yadda ba wanda zai tsince ta ya zuba nono ko ruwan sha. Kada a wanke ta a kududdufi ko a magudanar fadama, can dabbobi ke sha, can yara ke wanka. Kada a ƙone ta. A tara hudaddun kwalabe a buhu, a rataye a sama, a tambayi malamin gona ko mai shagon da aka saya ko suna karɓa.

Fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalbar lemo ko ta maganin tari ya cuci gidaje da yawa, domin yaro ba ya karanta komai, kwalba kawai yake ganewa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwa barkatai. Ƙwayar da ake sa wa hatsi don ƙwari ita ma iska mai guba take fitarwa, ba a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin kwana. Wake kuwa, buhun PICS mai riɓi uku yana tsare shi ba tare da magani ba.

Idan wani ya sha maganin ƙwari, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar don ma'aikacin lafiya ya ga abin da ya sha.

Sauran ƙananan abubuwa

Dogon ƙwan lantarki da mai lanƙwasa suna da zaiba a ciki, ita ma guba ce. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga na minti 15, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗaure a leda. Tsintsiya watsa shi take yi. Maganin da ya wuce lokacinsa da allurar da aka yi amfani da ita, asibitin sha-ka-tafi za a mayar. A sa allura cikin kwalba mai kauri a rufe kafin a ɗauka. Baƙin man injin ban-ruwa da na janareta a tara a jarka a kai wa bakanike. Ba a zuba shi kusa da rijiya, ba a shafa wa dabba a ciwo.

Aikin gayya

Motar shara ba ta zuwa ƙauyenmu, wannan kowa ya sani. A Kano akwai hukumar kwashe shara ta REMASAB, a Jigawa akwai JISEPA mai kula da muhalli, a tarayya akwai NESREA da aka kafa a 2007, amma ƙarfin aikinsu a birane yake. Wanda ke kusa da mu shi ne duba-gari na ƙaramar hukuma. Mutum ɗaya da jarkar batura ba zai sa a turo mota ba. Unguwa guda da ta tara ganga biyu, mai unguwa ya kai maganar wa dagaci, dagaci ya kai ƙaramar hukuma, wannan ana sauraron ta.

Ajinmu zai iya farawa. A samu ganga mai murfi, a ajiye a wuri mai rufi da ruwan sama ba ya taɓawa, nesa da rijiya da makaranta. Ɗalibi ɗaya ya riƙe littafi yana rubuta abin da aka kawo, ga amfanin rubutun da muke koyo. A jihar Kano Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsabtar muhalli ce, ta dace da ranar tarawa. Abin da ke da kuɗi a kira mai saye ya auna a gaban kowa, kuɗin a sayi alli da littattafai. Abin da ba shi da mai saye ya zauna a rufe a ganga har a samu mai ɗauka, ko da zai shekara.

Kalmomin rubutu

A kwafa kowace sau uku: dalma, zaiba, guba, juji, batir, jarka, sikeli.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗalibar ta hana Inna zuba man gyaɗa a kwalbar, alhali an wanke ta?

2. Sau nawa ake ɗauraye kwalbar feshi, kuma ina ake juye ruwan?

3. Me za ka cire daga waya kafin ka sayar da ita?

4. Lissafi: a ce kowane gida yana ƙarar da batirin tocila 4 a wata, unguwar kuma tana da gida 50. Batir nawa ke nan a wata? Nawa a shekara?

Aikin gida

Zagaya gidanka, ka leƙa ƙarƙashin gado da saman katanga da bayan rumbu da kan juji. Rubuta sunan duk abin da ka gani daga cikin waɗanda muka karanta, da yawansa. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya zana abin ya ja layi ɗaya ga kowane guda. A zo da takardar aji na gaba, kayan kuma a bar su a gida a sama har mu samu ganga.