Yadda ake daidaita murya da motsin baki a bidiyon waya

Mai koyon tace bidiyo da kansa yakan ɓata kwanaki kan launi da rubutu mai walƙiya, alhali abin da ke korar mai kallo shi ne baki ya motsa, murya ta biyo baya. Gyaran yana farawa tun wajen ɗauka.

Idan da na'ura daban kake naɗar murya, kunna ta tare da kyamara, a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a gaban kyamarar. A sake tafawa kafin a kashe. Tafin ƙarshen nan ne mutane ke mantawa, kuma shi zai cece ka.

Kwashe fayilolin duka cikin folda ɗaya kafin ka buɗe manhajar tace bidiyo. In ka matsar da su daga baya, manhajar za ta neme su ta rasa.

Sai babbar matsalar. Waya ba ta riƙe adadin firam ɗaya (firam su ne hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo): ka saita 30 a daƙiƙa, amma da haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta sauko ƙasa, ta koma sama. Manhajar tacewa kuwa adadi tsayayye take so. Shi ya sa minti na farko yake zama daidai, a minti na 10 murya ta zame. Duba fayil ɗin da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan bidiyo. In ya nuna adadin yana canzawa, shigar da shi HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, zaɓi 30, danna Constant Framerate (wato adadi tsayayye), ka fitar da sabo. Da wannan sabon za ka yi aiki, kuma aikin ma ka saita shi a 30 a manhajar tacewa, ma'aunin ingancin sauti a 48 kHz.

Yanzu jera hoto a sama, murya a ƙasa. Faɗaɗa zanen sautin har ka ga tafin ya miƙe kamar tsinke, ka kai shi daidai firam ɗin da tafukan hannun suka haɗu. Firam ɗaya a nan kusan milisakan 33 ne, don haka kuskuren firam 2 ko 3 ya isa a gane, musamman in murya ta riga baki. Je ka tafin ƙarshe. In ya kauce, agogon na'urorin ne bai zo ɗaya ba. Ƙara ko rage saurin muryar da ɗan ƙanƙanin kaso har tafin farko da na ƙarshe su zauna daidai. Daga nan kashe sautin kyamara, ka ɗaure hoto da muryar wuri guda kafin ka fara yanka.

Kowace yanka ka sa mata ɗan narkewar sauti na firam 2 zuwa 4, don kada a ji "ƙas". Murya ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), kiɗa ya tsaya can ƙasa, wajen -25.

Fitar da bidiyon da wannan saiti: tsarin H.264, girman hoto 1080p, nauyin bayanai kusan 8 Mbps. Saurara da lasifikar waya, kada ka yi amfani da abin kunne na Bluetooth, domin shi kansa yana jinkirta sauti, sai ka gyara abin da bai lalace ba.