Yadda Za Ka Rabu Da Ƙas-ƙas Da Yatsu

Ƙarar nan da kake ji in ka lanƙwasa yatsa ba ƙashi ba ne, kumfar iska ce cikin ruwan da ke sa gaɓa santsi. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya shafe kusan shekara 60 yana yi wa hannunsa na hagu kaɗai, bai kamu da amosanin gaɓɓai ba.

Duk da haka ni ina ganin gara a daina. Lura da lokacin da hannunka ke nema, galibi zaman jira ne ko tashin hankali. Nan take ɗauki carbi ko biro, ko ka buɗe tafi ka miƙe yatsun a hankali, ban da fizga. In akwai zafi ko kumburi kuwa, tafi asibiti.